Harsasan rarar soja a kasuwar Amurka: duba gindin kwanso kafin ka biya

Duk wanda ke zaune a Amurka ya mallaki tsohuwar bindiga irin Mosin-Nagant ko M1 Garand don zuwa filin koyon harbi, bai daɗewa zai gane cewa harsashi ne ke cinye aljihu. Daga nan sai ido ya koma kan rarar soja, wato harsasan da rundunoni suka jibge shekara da shekaru sannan suka yi gwanjonsu. Akwai araha, amma ba a saye da ka. Mai shago zai faɗi abin da ya ga dama, shaidar kuwa tana gindin kwanso.

Juya harsashin ka karanta. LC da lamba biyu na nufin masana'antar Lake City da ke jihar Misuri, lambobin kuma shekarar ƙira ce. Gicciye cikin da'ira alamar ma'aunin NATO ne. HXP na Girka ne. Ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun fi amfani da lamba maimakon suna: 188 na birnin Nobosibirsk ne, 60 na Firunze wadda yau ake kira Bishkek, 10 kuma Bulgeriya. Ƙananan haruffa bxn na Chekoslobakiya ne.

Amfanin sanin ƙasa da shekara shi ne maganar gishiri. Ɗan maɓallin nan na tsakiyar gindi, wanda ke tayar da wutar albarushi, a yawancin tsofaffin harsasan gabashin Turai yana barin wani gishiri a cikin bututun bindiga bayan harbi. Gishirin ya ja danshi, sai tsatsa. Ni da kaina na ɗanɗana: na harba wajen arba'in wata Asabar da rani, na ce gobe na wanke, da na leƙa bututun washegari sai na tarar ya yi ja kamar tsohon kwanon rufi. Man bindiga kaɗai ba ya narkar da gishirin. Ruwan zafi ake fara zubawa, a busar, sannan a shafa mai, kuma a ranar. Amurka ta daina wannan nau'i a farkon shekarun 1950, amma na gabas ka ɗauka duk mai gishiri ne, ko da an rantse maka.

To wanne za ka ɗauka? Gwangwanin 7.62x54R (harsashin Mosin-Nagant) mai cin 440, wanda ake buɗewa da ƙarfe kamar na sadin, shi ne mafi sauƙin kuɗi idan ka same shi a rufe bai kumbura ba, sai dai ka yarda da wahalar wanki. Kwansonsa galibi na ƙarfe ne mai huda biyu a ciki, irin da ake kira Berdan, sake cika shi wahala ce da ba ta biya. HXP na .30-06, wanda Garand ke ci, ya fi tsada, amma kwanson tagulla ne mai huda ɗaya, irin Boxer, ba gishiri, kuma ana sake cika shi. Ga mai Garand, a ganina babu na biyunsa. Abin dariya, Berdan Ba'amurke ne amma Turai ta rungumi ƙirarsa, Boxer Baturen Ingila ne Amurka ta ɗauki tasa. Idan kuwa sau biyu ko uku kake zuwa fili a shekara, sayi sabon ƙira na kasuwa kamar Prvi Partizan na Sabiya ka huta. Abin da ba na taɓawa ko kyauta shi ne harsasai warwatse cikin leda, masu kore-kore a jiki, ba wanda ya san inda suka kwana. Irinsu ne ke yin jinkirin tashi bayan an ja kunama.

Launin kan harsashi ma yana ruɗar mutane. Kore a 5.56 na Amurka M855 ne, wato harsashin soja na yau da kullum, kore a na Sobiyet kuwa mai barin layin wuta ne, wanda kan kunna busasshiyar ciyawa kuma filaye da yawa sun hana shi. Baƙi yawanci mai huda sulke ne. Mayen ƙarfe ba ya raba gardama kan abin da ke cikin harsashi, domin yana kama mai cikin ƙarfe, yana kuma kama mai cikin dalma da rigar ƙarfe. Kada kuma ka saka 5.56 a bindigar da aka rubuta .223 kawai a jikinta.

Shigo da harsasan rarar soja daga waje aikin masu lasisi ne, da izinin hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi a Amurka, a takardar da ake kira Form 6. Abin da ya sa wasu nau'o'in suka yi wuya kuwa doka ce. Dokar 1986 ta hana ƙera da shigo da masu huda sulke da za a iya harbawa da ƙaramar bindiga, kuma da ita aka tsayar da 7.62x39 mai cikin ƙarfe a 1994, sannan 5.45x39 samfurin da ake kira 7N6 a 2014. A 1994 gwamnatin Clinton ta rufe ƙofar harsasan bindigogin Sin irin waɗannan. A 2021 aka daina ba da sabon izini ga na Rasha, cikin takunkumin da ya biyo bayan ba ɗan adawar ƙasar Alexei Navalny guba. Wanda ya riga ya shigo kafin haramcin galibi yana ci gaba da yawo a kasuwa da tsada, amma jihohi irin Kalifoniya da Niyok suna da nasu ƙarin sharuɗɗan, sai ka duba na jiharka.

Ga masu zuwa gida hutu: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin 7.62 da .303 cikin jerin haramtattu, harsasansu ma ba a riƙe su ba lasisi. Jakar da kake zuwa fili da ita kada ta zama jakar tafiya. Idan kuma dole ita ce, zazzage kowane aljihu, ka laluba ƙarƙashin shafin ciki, don harsashi ɗaya kan maƙale a can wata da watanni.