Kyamarar ƙofar gida: a ɗaure ta, ko a sa wa akwatunan batir?

A gidanmu na Ƙofar Ƙaura akwatunan Wi-Fi uku ne: babba a falo, ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakin Hajiya. Duk sanda wuta ta dawo, kyamarar bakin ƙofa sai ta manne wa na falo, katanga biyu tsakaninsu, alhali na zaure yana gefenta. Hoton sai ya riƙa yankewa. Na falo ne ke fara tashi, su kuma ƙananan na'urori irin kyamarar nan, masu aiki da zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, in suka kama wuri ba sa saki.

Za ka iya ɗaure kyamarar da akwatin zaure a cikin manhaja, wato ta riƙa kama shi kaɗai. Tsarukan haɗa akwatunan Wi-Fi irin su Deco da AiMesh duk suna yin haka, ko sisi ba za ka kashe ba. Amma ranar da yara suka zare filogin zaure, tana iya makancewa gaba ɗaya.

Ko kuwa ka haɗa akwatunan uku da inbata, su daina mutuwa. Akwai tsada, har da janyo waya zuwa zaure, sai dai ya kashe ciwon daga tushe. Shi na zaɓa, domin a unguwarmu sau uku ana iya ɗauke wuta kafin la'asar.