Wace Rediyon CB Za Ka Saya? Fara Duba Maɓallanta

Direban da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san inda rezo ke ɗaukewa bayan Abalak. A nan rediyon CB ke da rana: ba kati, ba kuɗin kira, motoci biyu su yi magana kai tsaye a kan mita 27 MHz, tashoshi 40. Tun da ƙarfinsu kusan ɗaya ne, wat 4, bambancin yana ga maɓallan da ke fuskarsu.

Ni Cobra 29 LTD nake so. Squelch ɗinta, wato maɓallin da ke yanke hayaniyar da ake ji in ba mai magana, yana tare da maɓallin ƙarar murya: ka murɗa a hankali har shuuu ɗin nan ya yanke, ka tsaya daidai nan. In ka zarce, abokin tafiyarka da ya yi nisa zai yi ta kira ba ka ji. RF Gain shi ne kunnen rediyo. A daji ka buɗe shi duka, a tashar mota inda ake magana kusa da kai ka rage. Dynamike na ƙarfin muryarka ne, kuma masu kai shi ƙarshe ƙugin inji kawai suke aika wa mutane. Akwai NB/ANL mai rage tartsatsin da lantarkin mota ke jefawa cikin sauti, da CB/PA wanda ke mayar da ita lasifika in ka jona ƙaho a waje.

Abin da ya fi ɗaure ni gare ta shi ne allurar SWR, mai nuna ko eriya ta daidaita da rediyo. Ka kai maɓalli kan CAL, ka danna makirfo, ka murɗa maɓallin SWR CAL har allura ta hau alamarta, sannan ka koma SWR ka karanta. Ƙasa da 1.5 lafiya lau. In ta kai 3, saki makirfo nan take, don wutar da eriya ta ƙi ɗauka komawa take ciki ta ƙona rediyon. Gwada a tasha ta 1 da ta 40: in ta 40 ta fi hawa, eriya ta yi tsawo. Aibin Cobra guda, volt 12 take ci, kamiyo kuwa 24 ne, sai da na'urar rage wuta.

President Barry II ta Faransa tana cin 12 da 24, tana da squelch mai daidaita kansa, ASC. Mai kamiyon da ba ya son murɗe-murɗe ta ishe shi. Uniden PRO505XL ƙarama ce, ba RF Gain, ba allurar SWR, na wuce ta.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sayar mini da ta hannu: ya kunna, fitila ta kama, muryoyi na shigowa, na biya. Ashe ɓangaren aikawa ya daɗe da ƙonewa, ji kawai take yi. Rediyon da ta mutu haka ba a gane ta da ido. Kada ka miƙa kuɗi sai an jona eriya, an danna makirfo, wani ya koma nesa da wata rediyon ya amsa maka. Wanda ya danna makirfo ba eriya don ya nuna maka tana aiki, a gabanka yake lalata ta. Duba kusoshin murfi, in sun sha sukudireba an taɓa cikinta. Murɗa kowane maɓalli, mai ƙarar ƙaras-ƙaras ƙura ta cinye shi. Wasu kuma oba-oba ta Baofeng UV-5R suke miƙo maka da sunan CB, alhali mitarta daban ce, ba za ta taɓa jin 27 MHz ba. Mai cewa tasa tana kai kilomita ɗari kullum, ƙarya yake.

Kafin ka ɗaura eriya a mota, je ka tambayi ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, abin da doka ta ce, ka riƙe rasit ɗinka, don a halin tsaron da ake ciki jami'an kan hanya za su tambaye ka.