Wata takwas da kwamfutar da ke naɗewa ta koma allo

Ranar da na shiga Beirut Road a Kano, laftof ta rubutu kawai na je nema. Yaron shagon ya ɗauko wata, ya buɗe, ya yi ta tura murfin baya har ya kwanta a bayan madannai. Na ce, "Kai, za ka karya wa ubangidanka kaya!" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai haka aka ƙera ta." Ta hannu ce, inci 14, da alƙalaminta. Yau wata takwas ke nan tana wurina.

Ƙirar ba sabuwa ba ce. Tun 2012 Lenovo ya fito da Yoga mai juyawa digiri 360, shekarar da Windows 8 ta zo da tsarin taɓa fuskar kwamfuta, sauran kamfanoni suka bi sahu. Tawa ta wani gidan ce daban, amma dabarar ɗaya ce: ka buɗe ta kamar kowace laftof, ko ka kifa ta kamar tanti, ko ka ninke ta gaba ɗaya.

Inda ta ci kuɗinta shi ne duba furojet ɗin ɗalibai. A da sai yaro ya bugo shafi arba'in, in bi da jan biro, ya koma ya gyara ya sake bugowa, kuɗinsa na ƙarewa a shagon buga takardu. Yanzu ya turo ta WhatsApp, in ninke kwamfutar a kan tebur, in zaɓi jan tawada, in yi ta zagaye kuskure da rubutu a gefe kamar kan takarda. Tafin hannuna yana kan gilashin amma ba ta ɗaukarsa a matsayin rubutu muddin alƙalamin na kusa. Wani abin da ban zata ba: da na sa tsarin madannan Hausa, ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa a kan fuskar ina ganinsu, babu sauran lalube. Mai rubutun Hausa ya san daɗin wannan.

To, amma wanda ya ce maka za ta maye gurbin tabulet, ciniki yake nema. Nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, alhali iPad na yau da kullum bai kai rabin kilo ba. Na gwada karatu a kwance, ko minti goma ba a yi ba wuyan hannuna ya sage. Ga madannai a ƙarƙashin yatsunka. Suna daina aiki da zarar ka ninke, amma kana jin suna nutsewa, ranka bai kwanta ba. Ajiye ta a haka kan tabarma lokacin hunturu kuwa, ƙura ce kake gayyata.

Fuskar tana ƙyalli sosai. A ƙarƙashin darbejiya da rana, fuskata nake gani fiye da rubutun, sai na ƙure haske, batir kuma ya bi. Tana ba ni kamar awa biyar in na lallaɓa. Sa'ar da na yi, da USB-C take caji, don haka in an ɗauke wuta fawa bank mai ƙarfin wat 65 yana riƙe ta. Ƙananan da ake cajin waya da su ba sa tada ta.

Kifawar tanti kuwa yara ne suka gane amfaninta, da ita suke kallo. Duk daren duniya sai na goge sawun yatsu masu man ƙuli-ƙuli. Gabana yana faɗuwa in na ga ƙaramin ya miƙa hannu, domin mai gyara ya gaya min gilashin da fuskar a manne suke, in ɗaya ya fashe duka ake canjawa.

Alƙalamin ya mutu makon jiya. Ashe batir yake ci, wani siriri mai suna AAAA, wanda ya fi na rimot ƙanƙanta. Na zaga shago biyar kafin in samu, na sayi huɗu na ɓoye a aljihun jaka.