GARGAƊI: Mai zanen da ke cewa yana Amman ya cinye mini naira 380,000

Jama'a, akwai wani da ke tallata kansa a Facebook da Instagram, wai Bahaushe ne mazaunin Amman, babban birnin Jodan, yana zanen sarakuna da tsofaffin motoci da fenti. Ɗan damfara ne. Naira 380,000 ya ci mini. A wannan marra!

Mahaifinmu a gyaran Marsandi ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma duk cikin sarakunan duniya babu wanda yake so kamar marigayi Sarki Husaini na Jodan, don shi da kansa yake kama sitiyari ya shiga tsere. So na yi a zana sarkin cikin Marsandi 300SL ɗinsa, mai ƙofofin nan da ke buɗewa sama kamar fukafukai, yana hawan tudun Rumman, inda ake tseren mota a Jodan, in rataya wa Baba a falo. Shi ke nan fa.

Masu shirin ce mini na yi garaje, ku dakata. Sai da na gwada shi. Ban ambaci shekara ba, shi ya ce, "Yaya, ai a 1956 aka fara tseren Rumman." Ya ce motar tana gidan adana motocin sarauta da Sarki Abdallah na biyu ya buɗe a 2003, bayan rasuwar mahaifinsa Sarki Husaini a 1999, kuma zai je ya zauna gabanta ya ɗauki kamanninta. Na duba, shekarun duk daidai suke. To wa zai ji haka ya yi zargi? Wannan "Yaya, ai a 1956" ɗin ita ke ta yi mini yawo a ka. Cikin ladabi ya faɗe ta, har da tambayar jikin Baba.

Na tura 250,000 kafin alƙalami. Af, kafin nan ma mun yi kiran bidiyo, ko kuwa bayan na tura ne, oho, amma na ga ƙyallen zane a jingine da bango, an fitar da gaban mota da fensir, ga shuɗin fenti a yatsunsa. Da idona na gani. Asusun da ya ba ni na banki ne a nan gida, da sunan wani daban, ya ce ƙaninsa ne, wai tura dinari akwai wahala. Wanda ke da ɗan'uwa a waje ya san ana yin haka.

Sai hoton zanen ya zo, an gama, har firam. Wallahi ya yi kyau. Sai kuma 130,000, wai kuɗin jirgi da na kwastan. Na tura. 250,000 da 130,000, ku haɗa da kanku. Daga nan yau jirgi bai tashi ba, gobe yana asibiti, jibi ya toshe ni ko'ina.

Ɗan ƙanwata ne ya saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, sai ga shi aikin wani ne can daban, ya daɗe a intanet, an yanke sa hannun mai shi daga ƙasa. Yaro ɗan sakandare ke nuna mini, ni ina zaune. Gidan motocin kuwa babu ruwansu, sunansu kawai ya ara. Ƙyallen da na gani a bidiyo fa? Wataƙila shi yake nuna wa kowa.

Kar ku tura kuɗi asusun da ba sunan mai aiki ba, kuma ku sa ya rubuta sunanku a bayan ƙyallen kuna kallo.

Rasit biyu, saƙonnin muryarsa da sikirinshot na hirarmu duk suna wayata, zan ɗora su da daddare in na dawo daga banki. Duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi mini magana ta akwatin saƙo, mu kai ƙara tare. 380,000 ɗina ban yafe ba.