ABU ko KASU: wace ta fi fitar da manya?

Hajiya, kin ce 'yarki za ta cike fom ɗin JAMB, tana son karatun akanta, kuma kawunnanta sun dage sai ta sa ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a zaɓin farko, wai duk wani babba a Arewa can ya fito, KASU kuwa, Jami'ar Jihar Kaduna, ba a san ta da kowa ba. Rabin maganarsu gaskiya ne, don haka bari mu ajiye jami'o'in biyu gefe da gefe.

Idan jerin sunaye za a yi, ABU ba ta da abokin karawa a nan. An buɗe ta a 1962. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gama digirinsa a can a 1975, ya zama gwamnan Katsina a 1999, shugaban ƙasa a 2007. Namadi Sambo zanen gine-gine ya karanta, ya yi gwamnan Kaduna daga 2007, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2010. Malam Nasiru El-Rufa'i ya fito a 1980 da digirin ƙididdigar kuɗin gini, ya riƙe hukumar sayar da kadarorin gwamnati a 1999, ministan Abuja a 2003, gwamna a 2015. Sanusi Lamido Sanusi ya gama tattalin arziki a 1981, ya hau kujerar gwamnan Babban Banki a 2009. A fannin da 'yarki ke so ma akwai Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta gama akanta a 1981, ta zama ministar kuɗi a 2018.

KASU kuwa a 2004 aka kafa ta, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, wanda shi kansa ɗalibin akanta ne na ABU. Tana da mazauni a cikin garin Kaduna da kuma Kafanchan.

To ki sake duba shekarun nan na sama. Tsakanin digirin Sanusi da kujerar Babban Banki shekara 28 ne. 'Yar'aduwa sai da ya yi shekara 32 kafin ya shiga fadar shugaban ƙasa, El-Rufa'i 35 kafin ya shiga Gidan Sir Kashim, fadar gwamnan Kaduna. KASU ɗungurungum ba ta kai shekarun da mutum ɗaya daga cikinsu ya kwashe yana hawa tsani ba. Ɗalibanta na farko yanzu suke tsakiyar aiki, a bankuna da ma'aikatu da asibitoci da azuzuwa. Wanda ya tambaye su minista ko gwamna yau, tamkar ya je neman 'ya'ya ne a jikin mangwaron da aka dasa bara.

Akwai kuma abin da kawunnan ba su faɗa ba, kuma a ganina shi ya fi nauyi. Har zuwa 1975 ABU ce kaɗai jami'a a duk Arewa. Jihohi sababbi ne, kuɗin mai na shigowa, masu digiri kuwa 'yan ƙalilan, aiki ne ke neman mutum tun bai gama bautar ƙasa ba. Yawancin yaran da suka yi fice daga Sakkwato zuwa Maiduguri, harabobin ABU na Samaru ko Kongo suke nufa, tunda babu wata jami'ar a Arewa. Wannan zamani ya wuce ga kowa. Ɗalibin ABU na bana da na KASU layi ɗaya suke bi da takardunsu a hannu.

Ban ce tsufan ABU ba ya amfani ba. Yana yi. A ofisoshin Abuja da Legas da wuya ka rasa wani babba da ya yi Zariya, kuma "ai ɗan makarantarmu ne" kan buɗe ƙofa. Sannan akwai fannonin da ta yi zurfi ƙwarai, irin su aikin gona da cibiyar bincikenta ta Samaru, likitan dabbobi, injiniya, da asibitin koyarwa na Shika. Da ɗayan waɗannan yarinyar ke so, da na ce Zariya ba tare da dogon tunani ba. KASU ma tana koyar da likitoci a Asibitin Barau Dikko, sai dai tarihinta gajere ne.

Amma akanta daban take. Bayan digiri, abin da masu ɗaukar aiki suka fi tambaya shi ne ko mutum ya ci jarrabawar ICAN ko ta ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, kuma takarda ɗaya ake ba kowa ko daga ina ya fito. ICAN har tana da matakin farko, ATS, da ɗalibi zai iya farawa tun yana jami'a. Idan a KASU yarinyar take, tana kwana a gidanku ta je lacca ta dawo, kuɗin haya da na abinci da za a kashe a Zariya sai su tafi ga rajistar wannan jarrabawa.

Saboda haka, Hajiya, ki duba makin da take samu a gwaji. Idan yana da ƙarfi sosai kuma aljihu zai ɗauki zaman Zariya, ta sa ABU, babu laifi. Idan tsaka-tsaki ne, ta sa KASU a zaɓin farko, domin masu neman akanta a ABU daga ko'ina a ƙasar nan suke zuwa, ta kuma fara ATS da zarar ta gama shekarar farko.