Auta, ga bayanin PS5 ɗin da ka ce in aiko maka

Assalamu alaikum Auta. Ya gida, ya jikin Umma, ya kasuwa? Mu nan Manchesta sai godiya, in ka cire ruwan saman da ba ya gajiya.

Na ji saƙonka cewa in nemo maka PS5 biyu ka ƙara a shagonka na Tudun Wada, kuma in ɗauki marar faifai tunda ta fi sauƙin kuɗi. Ban amsa da wuri ba don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Gaskiya dai, wajen intanet mutanen nan Ingila sun yi mana nisa. Kuɗin wata ake biya, babu mai ƙirga maka data. Gem mai gig 100 zan sa ya fara sauka bayan magariba, kafin in yi shirin kwanciya ya kammala. Lambar nan ta jinkiri da ake ce wa ping, a ɗakina ba ta cika wuce 20 ba, alhali a gida 150 muke gani mu ce yau sabis ya yi kyau. Ashe duk cin da Turawa suke mana a onlayin ba iyawa ce kawai ba, sabar, wato babbar kwamfutar da ke haɗa masu wasa, a bakin ƙofarsu take. Kai kana danna shot, ɗan wasanka sai ya tsaya ya yi shawara.

To amma ka tuna PS2 ɗin da Baba ya saya mana a kasuwar Gumi? Aka sa mata cif ɗin da ke sa ta karɓi faifan kwafi, faifai in ya karce mu huhhura masa iska mu goge da gefen riga ya tashi. Wuta kawai take nema a wurinmu. Har yau in ka jona ta za ta yi.

Nan kuwa watan jiya layin intanet ɗin gidanmu ya lalace kwana biyu. Na dawo aiki a gajiye, na ce bari in buɗe wani gem a kwamfuta, irin mai labari wanda mutum yake bugawa shi kaɗai, na saye shi fam 60 da gumina. Ya ƙi buɗewa. Wai sai ya tuntuɓi masu shi sun tabbatar ni ne. Ga wuta, ga kwamfuta lafiya lau, ga gem a cikinta, ni kuma ina zaune kamar baƙon da ya tarar da ƙofa a kulle. Wannan kwaɗon shi ake kira DRM, an yi shi ne don hana satar fasaha. Wanda ya fi suna a cikinsu Denuvo, na wani kamfani a Ostiriya, tun 2014 ake saka shi a manyan gem. Abin haushin, mai kwafin sata da aka fasa wa kwaɗo ba ruwansa da wannan wahala, wanda ya biya shi ake tsarewa a bakin ƙofa.

Da na kai ƙorafi wurin aiki sai na tono rigima. Akwai wani dattijon Bature, ya ba hamsin baya, ɗakinsa cike da faifai kamar shagon kaset na da. Ya ce shi abin da ba zai riƙe a hannu ya sayar ko ya ba jikansa ba, bai saya ba, haya ya kama. Kuma yana da hujja. Tun 2024 Steam, babbar kasuwar gem ta kwamfuta, ta fara rubuta wa mai saye a fili cewa lasisi yake biya. A shekarar ce kuma Ubisoft ta kashe sabar gem ɗin tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, ya zama ko mai faifai ba zai iya buga shi ba. Daga nan wani Ba'amurke, Ross Scott, ya tayar da gangamin Stop Killing Games, kuma a 2025 masu sa hannu a Tarayyar Turai suka haura miliyan ɗaya. Ba cewa suke a riƙe saba har abada ba, cewa suke in za a rufe a bar wa mutane gem ɗin a yanayin da zai yi aiki.

Abokin zamana ɗan Foland ne, shi a GOG kawai yake saye, kasuwar 'yan ƙasarsu da ba ta sa kwaɗo. Ka sauke, ka adana a filas, shike nan. Samarin kuwa dariya suke mana. Su Fortnite da Call of Duty suke bugawa da abokai kullum dare, abin da ya dame su masu maguɗi ne, ba mallaka ba. Ɗaya ya ce min gem ɗin da babu mutane a ciki me zai yi da shi bayan shekara goma?

Ni kaina ban tsaya gefe ɗaya ba. Mun ga yadda masu kwafi suka durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a idonmu, kuma haƙƙin mutane ba abin wasa ba ne. Faifan PS2 ɗinmu ma ai ka san ba orijina ba ne. Sai dai su Turawan nan in sun yi ihu ana jin su. A 2013 Microsoft ta ce Xbox One sai ta leƙa intanet duk awa 24, jama'a suka yi ca, kafin na'urar ta fito aka janye. Mu wa ya taɓa tambayarmu? Najeriya ba ta ma cikin ƙasashen da ake zaɓa in za a buɗe akawun na PlayStation, shi ya sa kowa a Kaduna ya zama ɗan Amurka ko ɗan Ingila a kan allo, ana bin masu sayar da kati.

Saboda haka mai faifai zan saya maka, ko da ta fi tsada. Sabon babban gem a nan fam 70 ne, amma akwai shagunan na hannu irin su CeX, inda kuɗin gem ɗin ƙwallo na FC na bara yake faɗuwa warwas da zarar sabo ya fito. Faifai ɗaya za ka iya cire shi daga wannan na'ura ka sa a waccan, ka ba maƙwabci aro, ka sayar in ka gaji. Yaranka da ke zuwa buga hannu biyu a talabijin ɗaya, wanda aka ci ya biya, ba sa buƙatar PS Plus, wato rajistar PlayStation da ake biya wa kuɗi. Sai in za a kara da na waje a onlayin ne ake biyan wannan kuɗin. Zan jona su a nan tukuna, in sauke duk sabuntawar da suke nema, don kada ta cinye maka datar wata a rana ɗaya. Akawun na Ingila zan buɗe, saboda ƙarin kayan da ake saye a cikin gem sai yankinsu ya dace da na faifan. Kan soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku, ba sai ka nemi adafta ba.

Kai dai ka tanadi sitabilaiza mai kyau kafin su iso, kuma kada ka jona su kai tsaye da ƙaramin injin nan naka. Akwai wanda zai taho gida bayan salla, ta hannunsa zan ba da. Ka gaishe da Umma, ka ce mata maganin ƙafar yana cikin jakar.

Yayanka.