Asibitin dabbobin da ya taimaka mana shirya wa ƙarshen rayuwar Duna

Shekara 12 ke nan Duna yana gadin gidanmu a Jos, tun yana ɗan kwikwiyon da ake ɗauka da hannu ɗaya. Da hunturun bana ya kankama, sai muka lura ba ya iya miƙewa da asuba sai ya yi ta fama da ƙafafunsa na baya, ga yawan shan ruwa, ga rama. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar in miƙa shi ga masu kai karnuka kasuwar Dawaki ta Kanke tun da sauran nama a jikinsa, amma zuciyata ta ƙi, domin dabbar da ta hana idonta barci saboda iyalina ta wuce a yi mata wannan sakayya. Abin da ya kai ni wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a kan hanyar Bukuru ke nan.

Jos ba ta rasa likitocin dabbobi ba, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, sai dai akasarin aikin da ake nema a wurinsu na kaji ne da shanu da rigakafin ciwon haukan kare. Ban yi zaton zan sami wanda zai zauna da ni a kan tsohon kare ba. Likitan bai sa an ciccibi Duna zuwa kan tebur ba. Shi ne ya durƙusa a ƙasa, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya mammatsa ƙugunsa a hankali har ya gano inda yake jin zafi, sannan ya ɗebi jini. Da sakamako ya fito, ya ce mini: "Malam, amosanin gaɓɓai za mu iya sassauta shi, amma ƙodarsa ta gaji, kuma ƙodar da ta lalace ba ta komawa daidai. Gara mu yi shiri tun yanzu."

Wannan shirin shi ne abin da na fi yaba musu a kai. Da farko ya hana ni ba shi magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda suke cin cikin kare su ƙarasa ƙodarsa, alhali kuwa har na yi niyyar jefa masa ƙwaya ɗaya a cikin tuwo. Ya sa muka ɗauke shimfiɗarsa daga kan siminti zuwa kan tsohon bargo a zaure, inda iskar dare ba ta kai masa, muka rage masa gishiri da ƙashi, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa. Sannan ya ce mu rataye kalanda, duk ranar da ya ci abinci, ya fita bayan gida da ƙafarsa, ya kaɗa wutsiya da jin muryarmu, mu sa mata alama. Ranar da ya kasa, mu bar ta haka. Idan ranakun wahala suka rinjayi na sauƙi, lokacin yanke shawara ya yi.

Bai ɓoye mini yadda allurar ƙarshe take ba: ana fara yi wa kare ta barci, idan ya yi nisa sai a sa masa maganin sa barci mai yawa ta jijiya, numfashi da zuciya su tsaya cikin 'yan mintuna. Da na ce sai na tuntuɓi malaminmu tukuna a kan hukuncin hakan, bai matsa mini ba, ya ce in ɗauki lokacina, kuma za su iya zuwa gida su yi don kada a wahalar da dabbar a mota. Ya kuma gargaɗe ni cewa maganin yana zama a jikin mushen, don haka dole rami ya yi zurfi, nesa da rijiya, kada wasu karnuka ko ungulu su tono shi su mutu. Wanda ya san ƙasar Jos da duwatsunta ya san ba a fara haƙa irin wannan rami a ranar da ake bukatarsa, musamman da rani.

Inda suka gaza, dare ne. Ranar da Duna ya kwana yana amai, na kira lambar da suka ba ni sau huɗu ba a ɗauka ba sai da gari ya waye, kuma asibitin da yake koya wa mutane shirin ƙarshe bai kamata ya rasa mai amsa waya bayan isha'i ba. Farashinsu ma ba a rubuce yake ba, sai an gama aiki ake faɗa, don haka mai zuwa ya tambaya tun kafin a taɓa dabbarsa. Ba su da hidimar binnewa, wannan nauyin mai kare ne.

Duk da haka, wurinsu zan koma. Mun riga mun haƙa ramin a bayan gida, kusa da bishiyar gwaiba, mun rufe shi da kwano. A kalandar wannan wata, ranaku 19 ne suke da alama cikin 24 da suka wuce.